Rigar GPS Da Gudun 'Yan Ƙwallo: Yadda Ake Gano Gajiya Kafin Tsoka Ta Tsage

Duk mai kallon ƙwallon Turai, a gidan kallo ko a waya, ya taɓa ganin ɗan wasa ya tuɓe jesi bayan an tashi, sai ga wata 'yar baƙar riga ta ɗame masa ƙirji. Da yawa kan yi dariya su ce rigar mama ce. Amfanin rigar shi ne wani ƙaramin aljihu da ke bayanta, tsakanin kafaɗu biyu. A cikinsa ake saka wata na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ke lissafa duk gudun da ɗan wasan ya yi da duk birkin da ya taka.

A wannan darasi za mu duba abin da na'urar ke aunawa, da dalilin da ya sa ƙungiyoyi masu salon matsin lamba suka fi kowa buƙatarta, sannan mu ga iya abin da wayarka za ta yi maka idan kai ma kana taka leda.

Mene Ne Salon Matsin Lamba?

Matsin lamba, ko firesin kamar yadda 'yan gidan kallo ke cewa, shi ne ƙungiya ta ƙi ja da baya idan ta rasa ƙwallo. Maimakon haka sai 'yan wasa uku ko huɗu su rufar wa wanda ya karɓe ta tun a kusa da ragarsu, 'yan baya kuma su matso har tsakiyar fili don kada a sami sarari. Arrigo Sacchi ya shahara da salon a AC Milan a ƙarshen shekarun 1980. Ralf Rangnick da Jurgen Klopp suka yaɗa shi a Jamus, inda ake kiran nau'in da ake yi nan take bayan an rasa ƙwallo da gegenpressing. Da shi Klopp ya ci Bundesliga a Borussia Dortmund a 2011 da 2012.

Masu nazarin wasa suna auna ƙarfin matsin da wata lamba mai suna PPDA. Ana ɗaukar yawan fasin da abokan karawa suka yi a ɓangarensu na fili, a raba da yawan yunƙurin da ƙungiya ta yi na ƙwace ƙwallon a wurin. Idan lambar ta yi ƙasa, matsin ya yi tsanani. Ƙungiyar da ke da 8 ta fi mai 16 takura wa abokan karawa, domin ba ta bari a yi fasin da yawa kafin ta kai ƙafa.

Abin Da Ke Cikin Rigar

Manyan kamfanonin da ke ƙera wannan na'ura su ne Catapult na Ostireliya da STATSports na Arewacin Ayalan. Ƙungiyoyi sun daɗe suna amfani da ita a wurin atisaye, amma sai a 2015 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta yarda a sa ta a wasan gasa. Abubuwan da ke cikinta ba baƙi ba ne ga mai wayar zamani:

1. Mai karɓar siginar tauraron ɗan adam. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma na'ura na buƙatar aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take. Na'urar 'yan wasa tana ɗaukar matsayinsu sau 10 a kowace daƙiƙa. Shi ya sa ake maƙala ta a saman baya, inda take kallon sama babu abin da ya tare ta.

2. Ma'aunin motsi. Irinsa ne ke ƙirga takunka a waya, ya kuma juya fuskar wayar idan ka kwantar da ita. Shi ke jin tsalle da faɗuwa da karo da nauyin taku.

3. Ma'aunin juyi da kamfas, waɗanda ke nuna ɓangaren da jiki ya karkata da inda ya fuskanta.

4. Ma'aunin bugun zuciya, wanda ake ɗaurawa a ƙirji ko a ɗinka a jikin rigar.

Duk wannan bayani yana isa kwamfuta ko tablet ɗin ma'aikatan ƙungiya a gefen fili tun ana cikin atisaye. A manyan filaye akwai hanya ta biyu, wato kyamarori da ke bin kowane ɗan wasa daga saman rufi. A Kofin Duniya na Katar a 2022, kyamarori 12 ne suka riƙa bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa domin gano satar gida.

Yawan Kilomita Na Iya Ruɗar Ka

A talabijin an fi nuna jimillar nisan da ɗan wasa ya yi, yawanci tsakanin kilomita 10 zuwa 12. Mu yi lissafi. Kilomita 10.5 cikin minti 90 daidai yake da kilomita 7 a awa, wato ɗan sama da tafiyar mai sauri. Mafi yawan wannan nisa tafiya ce da sassarfa, kuma ba su ne ke kai ɗan wasa jinya ba. Ga lambobin da masu horar da jiki suka fi sa wa ido:

Gudu mai sauri: nisan da aka yi sama da kilomita 19.8 a awa, wato mita 5.5 a daƙiƙa.

Gudun ƙure ƙarfi: nisan da aka yi sama da kilomita 25.2 a awa, wato mita 7 a daƙiƙa.

Zabura da taka birki: sau nawa ɗan wasa ya fizga daga tsaye, sau nawa kuma ya tsaya cak daga cikin gudu.

Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya kwatanta gasar Firimiya ta kakar 2006/07 da ta 2012/13. Jimillar nisan da 'yan wasa ke yi ta ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100 kacal. Amma nisan gudu mai sauri ya ƙaru da kimanin kashi 30, yawan gudun ƙure ƙarfi kuma da kimanin kashi 85. Wato tsawon hanyar bai canza ba, yadda ake cin ta ne ya canza.

Salon matsin lamba yana ɗaga waɗannan lambobi gaba ɗaya. Ɗan wasan gaba zai zabura mita 10 ko 15 kan mai tsaron baya, ya taka birki, ya juya, ya sake zabura kan mai tsaron raga, ba tare da ya huce ba. Idan kuma aka tsallake matsin da doguwar ƙwallo, 'yan bayan da suka matso tsakiyar fili sai sun sheƙa mita 30 ko 40 zuwa gida da iya ƙarfinsu.

Me Ke Faruwa A Cikin Tsoka?

Tsoka tana da ɗan ajiyayyen makamashi na gaggawa wanda ke raguwa sosai cikin 'yan daƙiƙoƙin gudun ƙure ƙarfi, kuma yana buƙatar mintuna kafin ya cika. Wannan ne ya sa bayan mintunan da wasa ya fi zafi, ake ganin gudun ɗan wasa ya ɗan ragu. Akwai kuma babban rumbu, wato sukarin da jiki ke tarawa a tsoka, wanda ake kira gilaikojin. Binciken Peter Krustrup da abokan aikinsa a Denmak a 2006 ya gano cewa bayan wasa, kusan rabin zaren tsokar cinya sun ƙare da wannan sukari ko sun kusa. Mayar da shi da gyara ƙananan tsagewar da birki ke haddasawa kan ɗauki kwana 2 zuwa 3.

Wadda ta fi shan wahala ita ce tsokar bayan cinya. Idan mutum yana sheƙa gudu, ƙafarsa kan wulla gaba da ƙarfi, sai wannan tsoka ta riƙe ta kafin ta taɓa ƙasa. A daidai lokacin tana miƙewa kuma tana ja, kamar igiyar guga da ake zarewa da ƙarfi alhali an riƙe ta. Idan ta gaji, ƙarfin riƙon ya ragu, nan take tsagewa ke faruwa. Shi ya sa irin wannan rauni ya fi yawa a ƙarshen kowane rabin lokaci.

Tun 2001 hukumar UEFA ke tattara bayanan raunin manyan ƙungiyoyin Turai a ƙarƙashin Farfesa Jan Ekstrand na Suwidin. A kakar farko, raunin bayan cinya shi ne kashi 12 cikin 100 na dukkan raunuka. A kakar 2021/22 ya kai kashi 24.

Akwai wani sakamako da ya kamata mai karatu ya riƙe. A 2010, Gregory Dupont da abokan aikinsa suka wallafa nazarin 'yan wasa 32 na wata ƙungiya mai buga Kofin Zakarun Turai. Sun kwatanta makon da aka buga wasa ɗaya da wanda aka buga biyu. Nisan gudu da yawan zabura ba su ragu ba a makon wasa biyu, amma yawan rauni ya ninka kusan sau 6. Ma'ana ƙwararren ɗan wasa yana iya tilasta wa jikinsa ya fitar da lambobi iri ɗaya ko da ya gaji. Wanda ya tsaya jiran ganin gudu ya ragu kafin ya ba da hutu, to ya makara.

Darasin Liverpool

Klopp ya karɓi Liverpool a watan Oktoban 2015, ana tsakiyar kaka, 'yan wasan kuwa an shirya jikinsu ne don salon Brendan Rodgers. A wasansa na farko, canjaras babu ci a gidan Tottenham ranar 17 ga Oktoba, ƙungiyar ta yi gudun kimanin kilomita 116, fiye da masu masaukinta. Magoya baya suka yi murna.

Kafin wata uku, ɗakin jinya ya cika. Daniel Sturridge da Martin Skrtel da Divock Origi duk sun ji rauni a bayan cinya a watan Disamba. Ranar 5 ga Janairun 2016, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Lig a gidan Stoke, Philippe Coutinho da Dejan Lovren suka fita da irin raunin tun kafin hutun rabin lokaci. Bayan kwana 3, dole Klopp ya tafi da matasa wasan Kofin FA da Exeter, 'yar rukuni na huɗu, aka tashi 2-2. Sam Allardyce, kocin Sunderland a lokacin, ya fito fili ya ɗora laifin kan salon Klopp. Ga shi kuma Liverpool ta buga wasa 63 a kakar.

Abin lura shi ne Klopp bai bar salon ba. A bazarar 2016 ya ɗauko Andreas Kornmayer mai horar da jiki da Mona Nemmer mai kula da abinci daga Bayern Munich, ya kuma sami cikakken lokacin atisayen share fage. Sannu a hankali ƙungiyar ta koyi riƙe ƙwallo domin ta huta a cikin wasa, ta kuma zaɓi lokutan da za ta matsa. Ta ci Kofin Zakarun Turai a 2019, ta ci Firimiya a 2020 da maki 99, Virgil van Dijk kuma ya buga kowane minti na gasar. Salo ɗaya ne ya cika ɗakin jinya a 2016 ya kuma kawo kofi a 2020. Bambancin shi ne a karon farko an ɗora wa jiki nauyin da bai saba ba a dare ɗaya.

Darasin Leeds Da Tottenham

Marcelo Bielsa ya isa Leeds a 2018 da atisayen da 'yan wasan suka laƙaba wa suna murderball: mutum 11 da 11, ba busa, ba jira, da ƙwallo ta fita ake jefo wata. Leeds ta hau Firimiya a 2020, ta fi kowace ƙungiya gudu, ta ƙare ta 9. Sai dai Bielsa ya fi son 'yan wasa kaɗan, don haka mutane ɗaya ne ke ɗaukar nauyin mako bayan mako. Ranar 5 ga Disamban 2021, a wasa guda da Brentford, Kalvin Phillips da Liam Cooper suka ji rauni a bayan cinya, Patrick Bamford wanda ya dawo daga jinya shi ma ya ji nasa garin murnar ƙwallon da ya farke. Aka sallami Bielsa a ƙarshen Fabrairun 2022, kuma magajinsa Jesse Marsch ya ce atisaye ya yi wa 'yan wasan yawa.

A Tottenham ta Ange Postecoglou, matsalar ta fi fitowa a baya. Micky van de Ven shi ne ke sheƙawa gida duk lokacin da aka tsallake matsin. A Janairun 2024 an auna gudunsa a kilomita 37.38 a awa, wanda ya zama tarihi a Firimiya. Wannan kuwa ya zo ne bayan jinyar kusan wata 2 saboda bayan cinya, kuma raunin ya sake kwantar da shi a kaka ta gaba, wadda Tottenham ta ƙare ta 17 duk da ta ci Kofin Europa.

Iyakar Abin Da Na'ura Ke Iyawa

Ba kowane rauni ne gajiya ke kawowa ba. Jijiyar gwiwar van Dijk ta tsinke ne a Oktoban 2020 saboda karo da mai tsaron ragar Everton, kuma babu na'urar da za ta hango hakan. Ko manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Zone7, wadda Liverpool ta yi amfani da ita a kakar 2021/22, abin da suke faɗa shi ne hatsari ya ƙaru, ba wai rauni zai faru ranar kaza ba. Koci ne zai yanke hukunci, kuma kocin da kujerarsa ke rawa da wuya ya ajiye tauraronsa a benci saboda kwamfuta ta nuna ja.

Haka kuma hutu da yawa shi ma hatsari ne. Tsokar da ta yi makonni ba ta ƙure gudu ba ita ce ke saurin tsagewa ranar da aka buƙace ta. Don haka ake amfani da na'urar wajen gano ɗan bencin da bai sami isasshen gudu ba. Idan ka ga waɗanda ba su buga ba suna tsere a fili bayan an tashi wasa, gibin nan ake cikewa.

Me Wayarka Za Ta Iya?

Yawancin wayoyi suna ɗaukar matsayin GPS sau ɗaya ne a daƙiƙa. Mai gudun mita 7 a daƙiƙa zai gama zaburar mita 15 wayar ta ɗauki ɗigo biyu ko uku kawai, ba ta ga birki ba, ba ta ga juyi ba. Saboda haka Strava da Samsung Health da makamantansu suna da kyau wajen auna doguwar sassarfa, amma kada ka dogara da su wajen ƙirga zabura. Agogon hannu ma yana jinkiri wajen bin bugun zuciya idan gudu ya yi zafi, na ɗaurawa a ƙirji ya fi shi daidai. Akwai Catapult One da STATSports Apex da aka yi don masu wasan sha'awa, sai dai da tsada. Ga abin da za ka iya yi ba tare da ka kashe ko sisi ba:

1. Buɗe manhajar rubutu ko Google Sheets. Bayan kowane atisaye ko wasa, ka ba wahalar da ka sha maki daga 0 zuwa 10, ka ninka da mintunan da ka yi. Masanin wasanni Carl Foster ne ya fito da wannan hanya, kuma manyan ƙungiyoyi suna haɗa ta da GPS.

2. Tara makin kowane mako. Misali, atisayen minti 60 mai wahala 6 ya ba da 360, wasan minti 90 mai wahala 8 ya ba da 720. Atisaye biyu da wasa ɗaya sun zama 1,440.

3. Kwatanta makon da kake ciki da matsakaicin makonni huɗun baya. Idan gasar unguwa ta zo ka buga wasa uku da atisaye ɗaya, ka tara 2,520. Raba da 1,440, ka sami 1.75. Tim Gabbett na Ostireliya ya ba da shawarar a yi hattara idan lambar ta wuce 1.5. Masana na jayayya kan ingancin wannan iyaka, amma sun yarda cewa ɗaga nauyi farat ɗaya yana da hatsari.

4. Auna bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa, har na mako 2, don ka san naka na yau da kullum. Idan ya hau kwanaki a jere, ga ƙarancin barci, ga nauyin ƙafa, ka sassauta.

5. Ka bar aƙalla kwana 2 cikakku tsakanin wasa mai zafi da wani. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, jiki ya fi saurin gajiya, don haka a ƙara ruwa a rage tsawon wasa.

6. Ƙarfafa bayan cinya da atisayen Nodik. Ka durƙusa kan abu mai taushi, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa faɗawa gaba a hankali da miƙaƙƙen jiki, ka tare da hannu idan ƙarfi ya ƙare. Wani nazari na 2019 da ya haɗa 'yan wasa sama da 8,000 ya nuna cewa shirye-shiryen da suka ƙunshi wannan atisaye suna rage raunin da kusan rabi. Ka fara da kaɗan, domin kwanakin farko cinya kan yi tsami.

Idan kana gudu ka ji wani abu ya soke ka a bayan cinya, ka fita nan take. Kada ka bari a ja ƙafar ko a murza wurin da ƙarfi, ka nemi likitan fisiyo. A bayanan UEFA, kusan ɗaya cikin biyar na wannan rauni tsohon ciwo ne da ya dawo, akasari cikin wata 2 da komawa fili. Idan haka ke samun masu likitoci da na'urori, ina ga mai buga wasa a tandarƙin filin makaranta?

Kammalawa

Nan gaba idan aka nuna maka kilomitan da ƙungiya ta yi, ka nemi yawan zabura da gudu mai sauri, ka kuma duba kwana nawa ta huta tun wasan baya da mutum nawa koci ya canza. Shafin Bundesliga yana nuna irin waɗannan alƙaluma kyauta, Understat kuma yana nuna PPDA na manyan gasannin Turai. Kai kuma da ke taka leda da yamma, fara rubuta makinka daga atisayen gobe. Cikin mako huɗu za ka sami ma'aunin da za ka riƙa gwada kanka da shi. Jiki magayi ne, aikin na'ura da lissafi shi ne su sa ka ji maganarsa tun tana raɗa.